Kunnen Kaka da Tsini na Biyu

Ranar Litinin, sha huɗu ga watan Yuli, da hantsi, Kaka ta fara saka ƙafa a shagon da jikanta Dogo yake aiki. A ranar ce kuma ta yi ido huɗu da na'urar da har yau take kira Magulmaciya. Ba ziyara ce ta kawo ta ba. An daɗe ana lura a gida cewa kunnen tsohuwa ya yi nauyi, sai an yi mata magana sau biyu sau uku kafin ta juyo. Shi ne mahaifiyar Dogo ta sauke ta a ƙofar shago a kan hanyarta ta zuwa aiki, da umarnin in ya sami sarari ya kai ta wurin likitan kunne.

Sararin kuwa shi ne babu. Oga, mai shagon, ya yi tafiya, ya bar wa Dogo tiransimitar wani ƙaramin gidan rediyo, wato akwatin da ke watsa shiri a iska. Tsawa ce ta ƙona ta, gidan ya yi shiru tun daga lokacin. Dogo ya gama gyara, saura awo, kuma manajan gidan zai zo ɗauka da la'asar. Karo na farko ke nan da aka bar masa babban aiki shi kaɗai. Oga ya faɗa masa ƙarara kafin ya tafi: in ta fita lafiya, ayyukan rediyo sun zama nasa, in kuma aka sami tangarɗa, ya koma kan talabijin da fanka.

Na'urorin awo biyu ne a kan teburin. Ta hagu osiloskop, mai zana motsin lantarki a gilashi da koren layi. Ta dama analaiza, mai ɗan guntun eriya a gaba, wadda ke nuna duk wani zango da ke yawo a iska, kowanne da tsininsa a tsaye. Lafiyayyar tiransimita tsini ɗaya tak take nunawa. Ƙarfin tiransimitar kuma Dogo ya zuba shi cikin wani gwangwani mai shanye shi, don kada gwaji ya wuce bangon shago.

"...lafiya lau, da gajiya," in ji Kaka tana gyara mayafi. "To ina kujera? Ko a tsaye ake karɓar matar gida a nan?"

"Wace matar gida? Ai tun bara na sake ki, biro ne ban samu ba."

"Me ka ce?"

"Na ce ga kujerar Oga, Amarya, zauna."

Ta zauna dab da teburin, ta ɗora jaka a cinya, ta cusa hannu ɗaya a ciki. Ɗankwalinta ya sauko har ya rufe kunnuwa, kamar yadda ta saba ɗaurawa a 'yan watannin nan.

"Me kika kawo wa mijinki?"

"Mijin da ya sake ni? Babu komai a jakar nan sai carbi da maganin ƙafa."

"Ashe kin ji."

"Rabi na ji. Rabin ma ban ji daɗinsa ba."

"Ko ɗan sukudireban kakana mai jan kai? Tun ina yaro nake roƙon ki."

"Ya ɓace. Da ma yana nan, ai ba zan ba wanda zai ɓatar ba. Kai da kake neman hularka tana kanka."

Dogo ya kunna tiransimita. Tsini ɗaya ya miƙe a tsakiyar gilashin analaiza, dogo, siriri, ƙasansa kuma ƙananan layuka suna rawa.

"Wannan wace irin talabijin ce?" in ji Kaka. "Ciyawa da sanda ɗaya. Ina mutanen?"

"Sandar nan ita ce mutanen duka. Muryar gidan rediyo ce a tsaye."

"Kama take da kai. Tsawo kawai, ba nama."

"Haka kika gan ni kika nace."

"Tausayi ne. Na ga babu mai ɗauka."

Yana shirin rubuta sakamako a takardar awo, sai wani tsini ya fito a dama da na farkon, gajere, amma tsaye daram. Dogo ya ajiye biro. Ya matsar da alamar awo kansa, ya duba tazarar da ke tsakaninsu: goma da ɗigo bakwai sama da tashar. Ya duba inda ya faɗa, ya sake dubawa.

"Sandarka ta haihu," in ji Kaka. "Barka."

"Ba abin barka ba ne. Wannan ɗan bai kamata ya zo ba."

"Haka aka ce ranar da aka haife ka, ga shi kuma mun haƙura."

Ya kashe tiransimitar. Kaka ta ɗan zabura, ta yamutsa fuska kamar an watsa mata ruwa, hannunta ya motsa a cikin jaka. A gilashi babban tsinin ya faɗi, ƙaramin ma ya bi shi.

"Lafiya, Amarya?"

"Ƙafar nan ce."

Ya sake kunnawa. Tsini ɗaya. Ya zuba ido, ya ƙi ƙiftawa. Bayan ɗan lokaci ƙaramin ya dawo daidai inda yake. Ya maimaita gwajin, abin bai canza ba: in ya kashe su tafi tare, in ya kunna babba ya riga, ƙarami ya biyo daga baya. Duk mai gyara ya san irin wannan ciwo, wanda ba ya fitowa sai na'ura ta ɗauki zafi, kuma babu mai son sa.

Ya kwance murfin tiransimitar, ya jawo tsinken awo na osiloskop. Kafin ya taɓa komai sai da ya gwada tsinken a jikin ita osiloskop ɗin, kamar yadda Oga ya koya masa, ya ga layin ya fito kamar jerin bulo, kusurwoyi a tsaye. Tsinke lafiya lau. Sannan ya ɗora shi kan hanyar da wuta ke shiga. Koren layin ya kwanta miƙe, ko motsi babu.

"Inna lillahi," in ji Kaka a hankali. "Ta rasu."

"Wa?"

"Na ga irin wannan a asibiti. In layi ya kwanta haka, sai a fara kiran dangi."

"A nan kwanciyar ita ce lafiya. Wuta ce mai tsabta."

"To kai aikinka a juye yake, kamar hankalinka."

Ya matsa zuwa inda ake haifar da zangon. Layin ya tashi yana hawa da sauka, santsi, babu ƙulli ko ɗaya.

"Ga maciji kuma. Dogo, ka faɗa mini gaskiya, gyara kake yi ko duba?"

"In duba nake, da na ga ranar da za ki daina surutu."

"Ba ta cikin kwanakinka."

Ya bi sassan ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙwanƙwasa allon da bayan sukudireba, ya hura masa iska mai zafi, ya sake narka dalmar da ya liƙa jiya ko akwai wadda ba ta kama ba. Duk inda ya ɗora tsinke, layi tas. Ƙaramin tsini kuwa yana nan, ko gezau.

Wayarsa ta yi ƙara. Manaja ne, yana tambaya ko ya taho da mota. Dogo ya ce ya bari sai la'asar ɗin, akwai ɗan abin da yake dubawa. Ya ajiye wayar, ya share goshi.

"Wane gidan rediyo ne ma?" in ji Kaka.

Ya faɗa mata.

"Masu gaishe-gaishen nan na bayan azahar? Su ne a hannunka tuntuni, muna zaune kamar marayu? Ba su abinsu mana."

"Ba zan bayar haka ba."

"Saboda wannan ɗan tsugul ɗin? Ko rabin sandar bai kai ba."

"A nan ne yake tsugul. In aka haɗa ta da eriyar saman hasumiya, zai yi nisa. Kuma kin ga inda ya tsaya? Zangon jiragen sama ne. Matuƙi yana neman hanyar sauka, sai ya ji ana gaida wance da wance."

"Ai sai ya ji daɗi. Shi ba shi da dangi?"

"Kaka."

"To, na yi shiru. Amma in aka mai da kai kan fanka, kada ka zo mini da kuka. Ni tun farko na ce a kai ka ɗinki."

"Da na ɗinke bakin wata."

"Me ka ce?"

Ya zauna ya haɗa tagumi yana kallon gilashin. A ransa yana lissafin abin da zai faɗa wa manaja, da wanda zai faɗa wa Oga, kuma babu mai daɗin faɗa a ciki. Kaka ta yi hamma, ta gyara zama, ta ce shirun shagon nan ya ishi mutum.

Sai ƙaramin tsinin ya fara tafiya.

A hankali ya matsa dama, ya tsaya, ya dawo hagu, ya ɗan yi jim, ya sake matsawa, kamar mai neman gida a baƙuwar unguwa. Babban bai motsa ba. Dogo ya miƙe tsaye. Ya sa hannu ya kashe tiransimitar. Babban tsini ya faɗi. Ƙaramin ya tsaya abinsa, shi kaɗai a cikin ciyawa.

"Ba nata ba ne," ya faɗa a hankali.

"Ɗan wa ne to?"

"Shi zan nemo."

Ya kashe fitilar saman tebur, tsini yana nan. Ya kashe fanka, ya zare caja, ya kashe wayarsa, ya zare ƙarfen dalma daga soket. Yana nan.

"Saura ka kashe ni," in ji Kaka tana fifita da gefen mayafi. "Zafi zai yi maka aikin."

"Ke ai ba ki da makunni. Da tuni."

Ya cire guntun eriyar, ya ɗaura ta a kan doguwar waya, ya fara zagaya shagon da ita yana waiwayen gilashi. Wajen ƙofa tsinin ya rage tsawo. Wajen kantar tsofaffin talabijin ya kusa nutsewa. Ya juyo wajen tebur, ya fara tashi. Ya matso kusa da kujerar Oga, tsinin ya miƙe har ya kusa taɓa saman gilashi.

Dogo ya dubi gilashi, ya dubi kakarsa.

"Amarya, ke ce."

"Ni ce me?"

"Ke kike watsa shiri."

"Ai ba yau aka fara ba. Tun ina budurwa, in na shiga wuri sai an sani. Kakanka daga bayan katanga ya ji ni."

"Me ke cikin jakar nan?"

"Carbi da maganin ƙafa."

"Carbinki yana da batir?"

"Me ka ce? Ɗaga murya, kunnen nan yau ya ƙi."

"Buɗe in gani."

"Kai da ka sake ni? Da wane iko?"

A nan lambar nan ta dawo masa. Goma da ɗigo bakwai. Ya san ta tun yana koyon aiki, tsoro ne ya hana shi ganewa ɗazu. Duk ƙaramar rediyo irin ta da, mai abin murɗawa, tana haifar da nata ɗan zangon a ciki don ta kamo tasha, kuma kullum wannan tazarar ce tsakaninsa da tashar da aka kamo. Kaɗan daga ciki yakan tsiyayo waje. Ya dubi hannun da bai bar jaka ba tun safe, ya dubi ɗankwalin da ya rufe kunnuwa. Ya mai da eriyar wurinta.

"Shi ke nan, na haƙura," ya ce da ƙarfi. "Bari in gwada murya. Yanzu tashar gaishe-gaishe za ta yi magana a ɗakin nan."

Ya kunna tiransimita, ya haɗa makirfo mai doguwar waya. Ta gefen ido ya ga ƙaramin tsinin ya taso yana sanɗa, har ya koma wurinsa na farko ya tsaya. Ya ja wayar zuwa can ƙarshen shago, bayan kanta, ya juya baya, ya kai makirfo bakinsa, ya yi raɗa wadda ko mai tsaye kusa da shi ba zai ji ba.

"Jama'a masu sauraro, ana cigiyar wata tsohuwa. Kurma ce, gajera, mai haƙora huɗu. Duk wanda ya tsince ta ya riƙe, ba a buƙata."

"Bakwai ne, ɗan nema," in ji Kaka daga kujera. "Kuma duk suna aiki."

Dogo ya leƙo daga bayan kanta. Kaka ta kalli rufi, ta kalli ƙofa, sannan kafaɗunta suka fara rawa. Dariya ta ci ƙarfinta har sai da ta share ido da mayafi. Ta ɗaga gefen ɗankwali, ta zaro ɗan abin sauraro daga kunnen dama, wayarsa siririya ta bi ta ƙarƙashin mayafi har cikin jaka. Ta fito da 'yar rediyo wadda ba ta fi tafin hannu ba, an ɗaure murfin batir ɗinta da roba.

"Wannan na'urar taka magulmaciya ce," ta ce. "Wata da watanni ba wanda ya gane, sai ita da ko gaisawa ba mu yi ba."

"Ashe lafiyarki ƙalau, kike ta ba mu wahala."

"Wace wahala? Mamanka ce ta ce rediyo na hana ta barci, na sayi na kunne. Sai na ga in yana ciki, maganar gishiri da maganin hawan jini ba ta iso ni. Na ce wannan ai rahama ce."

"To me ya sa in na kashe kike zabura?"

"Ni tashata nake nema. Na zo nan na same ta, amma ba ta magana, shiru kamar an shiga rijiya. Ina jira, sai ka taɓa wani abu, shuuu ta cika mini kunne. Sai in kashe. In an jima in ce bari in sake dubawa."

"Ni kuma ina nan ina neman ciwon zafi. Kin san saura kaɗan in kwance akwatin nan gaba ɗaya?"

"Wa ya ce ka zargi baiwar Allah ba ka bincika na kusa da kai ba? Miji ke nan. Matarsa na gefensa, idonsa na kan gilashi."

"Kashe ta in gani."

Ta murɗa, ƙaramin tsini ya nutse. Ta kunna, ya fito. Ta kashe, ta kunna, ta kashe, tana leƙen gilashi.

"Kai, wannan ni ce kuwa. Duba yadda na tsaya kyam. Na fi taka sandar kyau."

"Bar ta a kashe, don Allah."

Ya karɓi rediyon, ya cire batir, ya ajiye a inda idonsa ke gani. Ya mai da murfin tiransimita, ya bar ta a kunne har ta yi zafi sosai, ya faɗaɗa zangon da gilashin ke nunawa ya duba sama da ƙasa. Tsini ɗaya. Sai a lokacin ya ɗauki biro ya cika takardar awo, ya sa hannu. Ya kunna fanka.

"Yanzu saura mamana," ya ce. "Da wace kalma zan fara?"

"Dogo. Maigidana. Ai tsakanin miji da mata akwai sirri."

"Ɗazu sakakkiya ce."

"Ba ka sami biro ba."

"Ga shi a hannuna."

Ta harare shi, ta ja numfashi, ta sake cusa hannu a jaka, can ƙasa. Ta fito da ɗan sukudireba mai jan kai, bakinsa ya sha aiki har ya yi sheƙi.

"Ashe bai ɓace ba."

"Yanzu na tsince shi. Da shi nake ɗaure rediyona. Karɓi, ka ci wannan karon. Bakinka kuma ya ɗauru."

Ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi a tafinsa. Sannan ya soke shi a aljihun gaba.

"Likita dai sai mun je," ya ce. "Mamana hankalinta ya tashi da gaske."

"Mu je. Sai a duba naka ma. Mutum yana zaune kusa da rediyo tun safe, sai da akwati ya faɗa masa."

Manaja ya zo da la'asar ya ɗauki tiransimitarsa, washegari da safe tashar ta dawo, kuma ba a sake kawo ta gyara ba. Da Oga ya dawo ya duba takardar awo, ya miƙa wa Dogo makullin kabad ɗin da ake ajiye analaiza, ayyukan rediyo suka zama nasa. Tun daga ranar, duk wanda zai zauna kusa da teburin awo sai Dogo ya tambaye shi abin da ke aljihunsa. Likitan kunne ya duba Kaka ya ce babu abin damuwa, Dogo ya isar wa mahaifiyarsa da wannan magana yadda take, bai ƙara ba, bai rage ba. Ya kuma gyara murfin batir ɗin, aka huta da roba. Kaka tana nan da ranta da rediyonta. Kunnenta ya warware a kan komai, ban da maganar gishiri.